Gasasshen Kilam Na Liyafar Italiyawan Amurka: Inda Na Yi Tuntuɓe

Ƙannena maza da mata da ke neman na tuwo a kicin na gidajen abinci da wurin masu girkin biki a New York, wata rana za a dire muku buhun kilam a ce ana so a gasa kafin baƙi su iso. Ina so ranar ta same ku a shirye fiye da yadda ta same ni.

Kilam halittar teku ce mai ɓawo biyu masu tauri, da ɗan nama a tsakani, tana binne kanta cikin yashin gaɓar teku. Italiyawan Amurka suna buɗe ta, su bar naman a ɓawo ɗaya, su rufe shi da garin busasshen burodi da tafarnuwa da man zaitun da ganyen oregano, su sa a obin. Clams oreganata suke kiran abin. Kayan motsa baki ne da ake fitarwa kafin babban abinci, a bikin aure da taron dangi, amma babbar ranarsa ita ce daren 24 ga Disamba, jajiberin Kirsimeti. A wannan dare iyalan Katolika da suka fito daga kudancin Italiya ba sa cin nama, abincin teku suke jerawa kala-kala, abin da a Amurka ake kira bikin kifaye bakwai. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa wajen miliyan 4 suka shigo ƙasar nan, akasarinsu talakawa daga yankin Napoli da Kalabriya da tsibirin Sisili. Mutane ne da ba sa zubar da burodin jiya, sai su busar da shi su niƙa, suka kuma tarar da kilam jibge a ruwan Long Island da New England, a gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Wanda za ka girka wa wannan abinci ya ci na hannun kakarsa tun yana yaro. Ya san ɗanɗanon da yake jira, ba za ka ruɗe shi da ado ba.

Duk kurakuran da na yi tushensu ɗaya ne. Na zo da hannun gida. Mu an koya mana nama sai an wanke shi sosai, a tafasa, a soya, a zuba kayan ƙamshi har su ratsa. Tarbiyya ce mai kyau ga naman rago da kaza. Kilam kuwa kusan duk abin da wannan hannu ya saba yi ɓata ta yake yi.

Na farko, ban ɗauke ta a matsayin mai rai ba, alhali da ranta ake sayen ta, kuma dole ta kasance da rai har lokacin da za a buɗe ta da wuƙa ko ta ga wuta. Na taɓa karɓar buhu da yamma, na juye shi cikin babbar roba, na cika da ruwan famfo, na rufe, a tunanina tsafta nake yi. Washegari da yawa sun wangale baki, an ƙwanƙwasa ba su rufe ba. Ruwan daɗi kashe su yake yi idan suka daɗe a ciki, haka ma ledar da aka ƙulle ba iska. Asarar ba ƙarama ba ce, kuma ni na jawo ta. Yadda ake yi shi ne a zuba su a kwano mai faɗi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, a sa a firij mai sanyin da bai wuce digiri 40 na Faranhait ba, wato 4 a ma'aunin Salsiyos. In an ɗora su kan ƙanƙara, a tabbata ruwan da ke narkewa yana da hanyar tsiyayewa. Kafin girki a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai fasasshen ɓawo a yar. Wadda ta buɗe baki a ƙwanƙwasa ta a kan tebur, in ta rufe tana da rai, in ta ƙi a yar. Wadda take wari kuwa ba a tsayawa shawara a kanta. Lafiyayyar kilam ƙamshin teku kawai take yi.

Akwai wata 'yar takarda da ke maƙale a jikin kowane buhu, ɗauke da wurin da aka kamo su da ranar. Ni na cire na jefa a shara saboda na ɗauka tallan kamfani ce. Doka ta ce gidan abinci ya ajiye ta kwana 90, domin in wani ya kamu da ciwo a iya bin sawu har ruwan da aka ɗebo su. Kilam tace ruwa take yi ta ci, abin da ke cikin ruwan yana taruwa a jikinta, har da ƙwayar cutar Vibrio da ke ƙaruwa lokacin zafi. Ko a kasuwar kifi ta Fulton da ta koma Hunts Point a 2005 aka sayo, ko a shagunan kifi na Arthur Avenue, titin Italiyawa da ke Bronx, ka nemi takardar, ka miƙa wa shugaban kicin.

Girma ma yana da magana. Halitta ɗaya ce amma sunanta na kasuwa yana canzawa da girmanta. Ƙananan su ne littleneck, faɗinsu wajen inci 2, namansu ya fi taushi, su ake gasawa ɗungurungum. Na tsakiya cherrystone, ana iya gasa su, amma ni na fi son a yanka naman. Manyan, waɗanda ake kira quahog ko chowder, namansu da tauri, sai an daddatsa. Su ne mutanen jihar Rhode Island ke cusa haɗin namansu cikin ɓawon su kira stuffies. Na taɓa zaɓo manya don na ga za su cika ido a faranti, na gasa su ɗungurungum, baƙi suka yi ta fama da tauna.

Sai yashi. Ka goge bayan ɓawon da buroshi a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudu. Sannan ka jiƙa su minti 30 zuwa awa ɗaya a ruwan sanyi mai gishiri, kamar giram 30 a lita ɗaya, kusa da gishirin teku, su tofar da abin da ke cikinsu. In ka gama ka tsamo su da hannu. Kada ka juye robar a matsami, don yashin da ya kwanta a ƙasa zai sake hawa kansu. Ƙwayar yashi ɗaya a haƙorin baƙo ta isa ta sa ya ajiye cokali.

Inda na fi daɗewa ban gane ba shi ne wuta, kuma nan nake so ku fi natsuwa. Hanya biyu ake buɗe kilam. Ƙwararru da wuƙa suke buɗe ta ɗanya: a naɗe hannu da tawul, a zura wuƙar kilam mai dakusasshen baki tsakanin ɓawon biyu, a yanke jijiyoyi biyun da ke riƙe da su, ana yi a kan kwano don ruwan cikin ya taru. In ka sa su a firiza minti 15 kafin nan sukan saki jiki, wuƙa ta fi shiga. Wannan hanya ta fi, saboda naman sau ɗaya zai ga wuta. Hanya ta biyu ita ce turarawa: ɗan ruwa kaɗan a gindin tukunya, a rufe, a jira su buɗe baki. Ita na zaɓa don ina tsoron wuƙa, kuma ba laifi ba ne a zaɓe ta. Laifina shi ne na bar su a tukunya har sai da ta ƙarshe ta buɗe, na ƙara musu lokaci don hankalina ya kwanta cewa sun dahu, sannan na kai su obin na gasa kamar ɗanyu. Abin da ya fito ya ƙanƙance, ya yi tauri kamar gandar da ba ta ji wuta ba. Shugaban kicin bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɗaya ya ba ni ya ce in tauna, na tauna, na gane. In za ka turara, ka tsaya a kan tukunyar da abin tsamowa a hannu, duk wadda ta buɗe baki ka cire ta nan take, cikin minti 5 zuwa 8 akasari sun gama. Wadda ta ƙi buɗewa bayan 'yan'uwanta sun buɗe a yar da ita, kada a tilasta mata da wuƙa. Kuma ka riƙe a ranka cewa wadda aka turara ta riga ta dahu, obin zai gasa abin da ke samanta ne kawai.

Ruwan da ya fito daga cikinsu kada ka zubar. Ni na zubar da shi, don na gan shi gurɓi-gurɓi na ɗauka datti ne. Shi ne ɗanɗanon abincin gaba ɗaya. Ka tace shi da farin ƙyalle mai laushi ko takardar tace kofi, ka ajiye.

Ga haɗin, na kilam dozin 2: kofi ɗaya na garin busasshen burodi wanda ba a sa masa komai ba, tafarnuwa ƙwaya 3 a daka, ƙaramin cokali ɗaya na busasshen oregano, babban cokali 2 na yankakken ganyen fasili, babban cokali 3 ko 4 na man zaitun, ɗan masoro, da ɗan dakakken barkono in masu bikin suna so. A jiƙa da ruwan kilam ɗin kaɗan-kaɗan har sai in ka damƙa ya haɗu, in ka saki ya warware. Ba gishiri. Ba dunƙulen magi. Na san hannunku zai yi ƙaiƙayi, nawa ma ya yi, na bi shi, faranti ya dawo kusan yadda ya fita. Halittar a ruwan gishiri ta rayu, ruwanta gishiri ne, in kuma an sa cukun Pecorino Romano shi ma gishiri ne. A kan cukun, ka tambayi masu bikin. Wasu gidajen suna barbaɗa shi, wasu kuma suna riƙe da al'adar Italiya ta raba cuku da abincin teku, kuma ba wasa suke yi da maganar ba.

Kada ka danna haɗin da cokali, kada ka tula. Ni na yi zaton yawan burodi karamci ne, sai ya zama sama ta ƙone, tsakiya ta yi danƙo, naman ya ɓace a ƙasa. Ƙaramin cokali ɗaya mai ɗan tudu ya ishi littleneck guda. Kafin ka ɗora, ka zura wuƙa ƙarƙashin naman ka raba shi da ɓawon, don baƙo yana tsaye ne da ɗan faranti a hannu, ba shi da damar kokawa. Ka shimfiɗa gishiri mai tsakuwa ko cukurkuɗaɗɗiyar takardar alminiyam a tire don ɓawon ya zauna daram, ruwansa kada ya zube. Ɗigon man zaitun a kan kowace. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 450 na Faranhait, wajen 230 na Salsiyos. Ɗanya minti 10 zuwa 12, turarriya ƙasa da haka. In saman bai yi ja ba ka kunna wutar sama minti ɗaya ko biyu, idonka a kai, ko waya kada ka ɗaga.

Yanzu maganar da ta shafe mu mu Musulmi. Ita kilam a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai halal ce, kamar sauran abin da ke rayuwa a teku, aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ita ce hujjar da ake kafawa. Malaman Hanafiyya sun taƙaita a kan kifi, saboda haka in abokin aikinka ɗan Bangaladash ko Fakistan ya ƙi ci, kada ka yi masa gardama. Matsalar tana cikin abin da ake ƙarawa. Kicin da yawa suna zuba farar giya a gindin tire ko a tukunyar turarawa. Clams casino, ɗan'uwan wannan abinci da ake yawan jerawa kusa da shi, da naman alade ake yin sa, stuffies ma galibi da tsiran alade irin na mutanen Fotugal. Na ɗanɗana daga tire ban tambaya ba, daga baya na ji abin da aka zuba a gindinsa, ya dame ni ƙwarai. Kunya ce ta hana ni tambaya, kunyar kada a ce baƙo ne bai san komai ba. Ku tambaya tun ranar farko, da ladabi, ba wanda zai ga laifinku. In girkin a hannunka yake, ruwan kilam da aka tace da matsin lemun tsami da ɗan man shanu suna yin romon gindin tire mai daɗi ba tare da giya ba, amma ka faɗa wa masu bikin abin da ka canza. Haƙƙinsu ne su sani. Haka nan masu raba abinci su san abin da ke ciki, don akwai baƙin da jikinsu ba ya karɓar abincin teku mai ɓawo, ko alkama, ko madara, kuma abin kan kai wasu asibiti.

Lokacin fitarwa shi ne na ƙarshe da na koya. Don gudun makara na taɓa gasa duka tun da rana na rufe da takardar alminiyam. Tururi ya jiƙa burodin, naman ya ci gaba da dahuwa a rufe. Abin da za a iya yi da wuri shi ne gogewa, buɗewa, haɗa garin, har ma da cikawa a jera a tire a mayar firij na 'yan awoyi. Gashi kuwa sai baƙi sun fara shigowa, tire ɗaya bayan ɗaya, wani na fita wani na shiga. A kai da zafinsa, da yankakken lemun tsami a gefe, da ƙananan cokula masu yatsu, da kwanon da za a zuba ɓawo, don in babu shi za ka tsince su a kan taga da bakin tebur. Ka lissafa uku ko huɗu ga kowane baƙo in akwai wasu kayan motsa bakin. Abin da ya yi awa 2 a kan tebur ba a mayar da shi firij, ba a kuma ƙulle shi a tafi da shi gida wa yara, komai ƙyashin zubarwar. In liyafar a waje ce lokacin bazara, zafi ya haura digiri 90 na Faranhait, awa ɗaya ce iyakarsa.