Mako na tara: abin da but ɗin mota ya yi wa na'urata

'Yan uwa masu koyon aiki da na'urar gano ƙarfe a ƙasa, wannan makon ban tono komai ba sai kuskurena, shi zan baje muku.

Tun da zafi ya kankama na ɗauki wata ɗabi'a. Na'urar gano ƙarfen tawa a but take wuni, wai don in na tashi aiki in zarce fili ba sai na koma gida ba. Kwana goma sha ɗaya ina haka. Ranar Talata na kunna ta, sai ta kama tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Lambobin allo masu nuna irin ƙarfen suna tsalle, faifan da ke ƙarshen sandarta, wanda ake shawagi da shi kan ƙasa, yana sama ma bai kusanci ƙasa ba amma tana ƙara. Na rage ƙarfin ji, na canza wuri, na zargi wayar lantarki da ke can nesa. Daga ƙarshe na zargi hannuna, na ce har yanzu ban iya lilo da faifan ba.

Filin gwajina ne ya raba gardama. Waɗanda suka bi ni tun mako na uku za su tuna na binne tsabar kuɗi ɗaya a santimita 10, wata a 20, da ƙusa da murfin kwalba. Tsabar santimita 20 kullum tana ba ni sauti mai tsabta. Ranar nan sai ta riƙa amsawa a shaƙe, lambarta na karkata wajen ta ƙusa. Na ajiye na'urar a inuwa, na zauna kusan minti ashirin ina huci. Da na sake kunnawa na daidaita ta da ƙasa, wato na saita ta da yanayin ƙasar wurin, sautin ya dawo garau. Ashe ni ba ni da laifi a lilo, laifina a wurin ajiya yake.

Dalilin yana cikin faifan. Irin na'urorinmu na masu koyo suna da naɗin wayar jan ƙarfe guda biyu a ciki, ɗaya na aika sigina, ɗaya na karɓa, an saita su da juna tsaf ta yadda ɗan ƙarfe kaɗan zai gurɓata daidaiton, na'ura ta yi ƙara. To jan ƙarfe yana ƙara turjiya ga lantarki da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Daga digiri 25 zuwa 60, an doshi kashi 14 ke nan. Ka ɗauko faifai da zafinsa ka kifa shi kan ciyawa mai sanyi, yana hucewa saitin yana gocewa a hannunka.

Kada ku raina zafin mota. A wani bincike na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka a 2018, motar da ta yi awa ɗaya a rana, waje na kusan digiri 38, iskar cikinta ta kai kusan 47, dashbod kuwa 69. Awa ɗaya fa. Tawa awa takwas take yi. Littafin da ke zuwa da na'urorin gano ƙarfe na kamfanin Garrett ma ya ambaci but ɗin mota da sunansa cikin wuraren da za a guje wa lokacin zafi. Na buɗe littafin tawa na tarar da gargaɗi irin wannan, a shafin da ban taɓa kaiwa ba.

Faifan dai ya warke da kansa. Batir ne ba ya yafiya. Na lithiyam zafi yana cinye masa kwana a hankali, musamman in a cike yake, kuma ba a so a yi masa caji in ya haura digiri 45. Ni kuwa sau biyu ina dawowa gida in jona shi da ɗuminsa. Ƙaramar na'urar da nake lalube rami da ita, mai batir ɗin alkalin, da na kwance murfinta sai ga farin gari ya daskare a bakin ƙarfen. Na goge da auduga da ɗigon ruwan lemun tsami, na bari ya bushe, ta tashi. Soson madogarar hannu shi ma gam ɗinsa ya saki, yana danƙo.

Yanzu ga yadda nake yi. In ba makawa sai ta bi ni, nakan cire akwatin sarrafawa da batura in shiga da su a jaka, sanda da faifai su zauna a ƙasan kujerar baya, lulluɓe da farin tawul. A fili kuma sai ta sha iska minti goma sha biyar kafin in daidaita ta da ƙasa. Masu na'urar shiga ruwa, ku duba robar da ke toshe murfin batir, zafi yana busar da ita.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne cajin. Na fara rubuta awannin da yake kai ni, ranar Asabar zan gwada da abin da na rubuta a mako na biyu.