Fayif mai santimita 31: yadda na haɗa akwatin wufa a bayan kujerar a-kori-kurata

Sana'ata jigilar hatsi ce. Daga kasuwar Giwa zuwa Sabon Gari, wani lokaci har Soba, ranata a cikin mota take ƙarewa. Tsohuwar Hilux ce mai gida ɗaya, da ɗan fili a bayan kujera. Abin da na daɗe ina so shi ne in kunna kiɗa in ji ƙugin ganga a ƙirjina, kamar yadda nake jin tambura a Ƙofar Fada ranar hawan Sallah. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi wufa, wato babbar sifika mai fitar da ƙugi, mai inci 12, da amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Akwatin farko da ido aka yi shi. Na kai wa wani kafinta sifikar, ya auna bayan kujera, ya haɗa katako, ya yanko guntun fayif ɗin ruwa mai inci 4 ya cusa a gefe, don duk akwatin da muka taɓa gani akwai rami a jikinsa. Ƙara kam akwai. Sai dai kowane kiɗa na sa, murya ɗaya yake fitarwa, bum, bum, har madubi na rawa. Da kiɗan ya sauka can ƙasa sai sautin ya ɓace, faifan sifikar ya riƙa fita da komawa kamar zai tsinke. Wata na biyu, ina kan hanyar Shika, na fara jin ƙas-ƙas a bayana. Koyil ne, naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan sifika, yake dukan gindin maganaɗisu. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin dako nawa ne suka tafi a wurin.

Ƙanena da ke karatun injiniya a Samaru shi ya zaunar da ni. Ya ɗauko kwalbar lemo ya hura bakinta, ta yi kuka. Ya zuba ruwa rabi ya sake hurawa, kukan ya sirance. Ya ce, “Yaya, akwatinka kwalba ce, fayif ɗin nan kuma wuyanta.” Iskar da ke cikin fayif tana da nauyi, iskar cikin akwati kuma tana matsuwa ta dawo kamar sifirin, sai su biyun su zaɓi murya guda da suke amsawa da ita. Wani masani Bajamushe, Helmholtz, ya bayyana wannan tun ƙarni na 19. Ka ƙara girman akwati ko tsawon fayif, muryar ta yi ƙasa. Ka faɗaɗa bakin fayif, ta yi sama. A daidai wannan murya fayif ne yake yin aikin, faifan sifika kusan tsayawa yake yi. Amma ƙasa da ita akwatin ya daina riƙe faifan, ya zama kamar an rataye sifika a fili. Da muka auna tsohon akwatin, iskar cikinsa lita 40 ce, fayif santimita 15, lissafi ya ba da muryarsa kimanin Hz 51 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya; ƙaramar lamba, murya mai kauri). Duk sautin da ya gaza haka duka ne kawai sifikar take sha.

Bayan an gyara koyil, muka nemo takardar da ta zo cikin kwali, wadda saura kaɗan in yar. A jikinta akwai lambobi uku da ke bayyana halin sifikar, Fs da Qts da Vas, daga tsarin da Neville Thiele ya fara wallafawa a Ostireliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Muka zuba su a manhajar WinISD, wadda kyauta ce, muka yi ta jujjuya girma har muka tsaya a lita 50 da Hz 35.

A nan ne na so in sake faɗawa rami. Lita 50 ɗin iska ce zalla. Maganaɗisu da ƙarfen sifika suna cin wuri, fayif kansa yana cin kusan lita 3, ga katakon tokare na ciki. Dole muka yi cikin ya kai lita 58: faɗi santimita 95, tsayi 36, zurfi 14 a sama 20 a ƙasa, don ya bi jinginar kujera. Na sayo MDF, katakon da ake yi da matsattsen garin itace, mai kaurin milimita 18 a wajen 'yan katako, na koma wurin kafintan nan da takarda a hannu. Ya duba ya ce, “Maigida, wannan fayif ai ya yi tsawo.” Na ce, “Malam, a bar shi haka, mu gwada tukuna.” Bai yi musu ba, kuma aikinsa ya fita tsaf, gam a kowace gaɓa, sukuru a jere.

Ya kawo shawarar mu sa mai inci 3, tunda shi gajere zai wadatar. Gaskiya ne zai ba da murya ɗaya da ƙarancin tsawo, amma iska za ta matse a ƙaramin baki ta riƙa huci, fuu, fuu, a kan kiɗa. Muka zauna a inci 4, muka kwantar da shi ta faɗin akwatin, bakinsa ya fito ta gefen fasinja da tazarar fiye da santimita 10 daga jikin mota, muka goge leɓensa da sanfefa ya yi santsi.

Lissafi ya ce santimita 31. Na yanka 35 da gangan, ban sa gam ba, domin ragewa tana da sauƙi, ƙarawa ce wuya. Gwajin da ya biyo baya shi ne abin da na fi jin daɗinsa a duk aikin. Muka kwantar da akwatin a tsakar gida, sifika na kallon sama, na ɗebo gero kaɗan na zuba a kan faifan. Ƙanena ya haɗa wayarsa, yana sakin sauti ɗaya-ɗaya a hankali, daga Hz 50 yana saukowa. A 45 geron tsalle yake yi. A 40 ya rage. Da muka iso 33 sai ya kwanta, ɗan motsi kawai, alhali na kara tafin hannuna a bakin fayif iska na bugunsa da ƙarfi. Muka sauka 28, geron ya watse har ƙasa. Na zare fayif na rage santimita 2, muka sake. Na ƙara rage 2. Geron ya kwanta a 35 daidai. Sai a lokacin na shafa gam.

Saura ɗigar iska. Na kunna turaren tsinke na bi gaɓoɓin da shi sauti na tafiya, sai ga hayaƙi yana karkacewa a wurin da wayar sifika ta shiga akwatin. Ƙaramar kafa ce, amma ita ma tana fito. Silikon ya toshe ta.

A jikin amfilifaya akwai wani maɓalli, sabsonik, wanda a da ban san amfaninsa ba, yana can a ƙarshe. Aikinsa yanke sautin da ya yi ƙasa da abin da akwati zai iya riƙewa. Na ajiye shi wajen Hz 28. Da na san shi tun farko, ina jin koyil ɗina bai lalace ba. Na sa fiyus kusa da batir, na ɗaure akwatin da kusoshi a ƙasan mota, domin abu mai wannan nauyi ba a barinsa sake a bayan mutum idan aka taka birki.

A cikin mota sautin ya fi na tsakar gida kauri, don ƙaramin ɗaki yana ƙara wa ƙugi ƙarfi da kansa, har sai da na rage amfilifaya. Yanzu ina bambance bugun babbar ganga da na ƙarama, kowanne da muryarsa, kuma ba sai na ƙure ba.

MDF ba ya shiri da ruwa, kumbura yake yi, don haka na yi masa fenti sau biyu kafin damina. Hunturu kuma ƙura ce ke bi ta fayif ta taru a ciki. Ranar Juma'a da safe, kafin in wanke motar, nakan naɗe tsumma a sanda in zura in share ta.