Hitar banɗaki: wacce ake gyarawa, wacce ake haƙura da ita

Shekara ta goma sha wani abu kenan ina aikin famfo da haɗa hita a Kano, ina da ɗan shago da yara uku da suke koyon aiki a hannuna, kuma duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba wayata bata hutawa. Hitar da aka manta da ita tun watan Maris sai a tuna da ita rana ɗaya da asuba, a kunna, shiru. Toh tambayar da nake sha kullum guda ɗaya ce, malam a gyara ne ko a sayi sabuwa?

Ni abinda nake fara dubawa kafin na taɓa komai shine daga ina ruwa yake ɗiga, in ma yana ɗiga. Hita fa ba wani abu bane mai wuyar ganewa, tanki ne na ƙarfe da aka shafe cikinsa da wani irin fenti mai kama da gilashi don kar ya yi tsatsa, sai elemen da yake dafa ruwan, sai tamostat da yake yanke wuta in ruwan ya kai zafin da aka sa masa, sai ɗan bawul a bakin bututun ruwan sanyi. Duk waɗannan ƙananan ana cire su a sa wasu. Tankin ne kawai in ya huje magana ta ƙare.

In hita ta daina zafi gaba ɗaya yawanci elemen ne ya ƙone ko tamostat ya lalace, wani lokacin ma ɗan maɓallin kariya ne a jikin tamostat ɗin ya faɗa, ka danna shi ya dawo, ban ma cika karɓar kuɗi akan wannan ba sai na mai. In ruwa na ɗiga ta ƙasa wajen da elemen ya shiga, robar da take toshe wajen ce ta bushe, a canza ta shikenan. Wannan duk gyara ne kuma in Allah ya yarda hitar zata ƙara shekaru. Amma in na buɗe naga jikin ya jiƙe ta sama ko ta gefe, kumfar da aka naɗe tankin da ita ta sha ruwa, ko ruwan zafin na fitowa ja-ja alhali na sanyi fari tas, to nakan ce ranka ya daɗe ka haƙura da ita.

Akwai wani Alhaji bara da ya dage sai dai a kai wa mai walda ya liƙe ramin, yace ai ɗan ƙaramin rami ne. Nace Alhaji ni ba zan yi ba, don na taɓa yi a farkon sana'ata kuma na ga ƙarshensa. Walda tana ƙona wancan shafen na ciki, wajen da aka liƙe shi zai fara ruɓewa, wadda na yi wa haka bata rufa wata uku ba ta fashe cikin dare ta jiƙa silin ɗin mutane, na biya daga aljihuna kuma har yau abin na damuna in na tuna, don da akwai yaro a ƙasan wajen ruwan zafi ne zai sauko masa. Ramin da kake gani ɗaya ne amma tsatsar ta riga ta ci ko'ina a ciki.

Abinda yafi bani takaici shine yawancin tankunan nan da ake zubarwa da basu mutu da wuri ba in da an kula da abu ɗaya. A cikin hita akwai wata ƴar sanda ta magnesiyam, galibi a jikin elemen take ɗaure, aikinta kawai ta ruɓe a madadin tankin, tsatsa ita take fara ci ta bar ƙarfen. In ta cinye sai tsatsar ta koma kan tanki. Kamfanoni irin su Ariston suna rubutawa a takardar da take zuwa cikin kwali cewa a riƙa duba ta ana canzawa, amma wa yake karanta takardar? Sau da yawa in na buɗe hita sai na tarar da ɗan siririn ƙarfe kawai ya rage. Kuɗinta bai kai komai ba akan kuɗin sabuwar hita, kuma ana samunta wajen masu kayan famfo a Sabon Gari in ka san abinda kake nema.

Sai maganar ruwan bohol. Wasu unguwannin ruwansu na barin wani farin abu kamar alli, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, shi yake lulluɓe elemen har ya kasa fitar da zafinsa ya ƙone kansa. Na sha kwashe cikin roba guda daga hita ɗaya. Elemen mai wat 1500 in yana da tsafta zai ɗumama lita 50 cikin kamar awa ɗaya da rabi, in ya daskare da allin nan ga ƙara kamar ana soya gyaɗa ga shi baya daɗewa. Shi yasa nake cewa a bar tamostat wajen digiri 60, in ka mure shi ƙarshe allin yafi saurin taruwa ga ƙarin shan wuta, kuma tunda aka ƙara kuɗin wuta ga ƴan Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024 suka fara jin zafin mita a jikinsu.

Wani abin kuma in tankin sama ya ƙare kuma babu bawul mai hana ruwa komawa baya, hitar tana iya zubewa ta zama fanko, NEPA su kawo wuta makunni na kunne, elemen ya ƙone cikin ƴan mintuna. Wani gidan sau uku ana canza musu elemen kafin a kira ni, ba wanda ya duba bawul ɗin. Kuma don Allah in kaga ɗan bawul ɗin nan na bakin bututun ruwan sanyi yana ɗigar da ruwa kaɗan lokacin da hita ke aiki kar ka bari wani ya toshe maka shi, aikinsa kenan, ruwa in ya yi zafi yana kumbura dole ya samu hanyar fita. Toshe shi haɗari ne babba.

Wanda bana wasa dashi kwata-kwata shine in ance famfo na jan mutum. Ranar da wata Hajiya ta kira tace ƴarta taji shokin a shawa, cewa nayi Hajiya a kashe bureka yanzu yanzu kar kowa ya shiga banɗakin sai nazo. Elemen ne ya tsage wuta na shiga ruwa, gidan kuma babu wayar da aka binne a ƙasa ko ɗaya. Tankin lafiyarsa ƙalau, na canza elemen da sandar magnesiyam, amma nace bazan mayar da wuta ba sai an kira mai wayarin ya binne sandar ƙasa ya sa bureka mai yanke wuta in ta zurare. Maigidan ya ɗan ji haushi don kuɗin ya ƙaru, kwana biyu suna dafa ruwa a tukunya, ranar na uku ya kira yace an gama in zo in haɗa.