Kwana 28 a banki: yadda na shirya tafiya karatu Ingila daga Argungu

Ina fadama wajen injin ban-ruwa da ya ƙi tashi saƙon ya shigo wayata. Watan Fabrairun 2024 ne, shinkafar rani ta fara rufe ƙasa. Wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu kan sarrafa ruwan noma, karatun shekara ɗaya, za a fara a Satumba. Na bar wa yara injin, na hau babur na koma cikin gari, baki har kunne. Inna ta rangaɗa guɗa, Baba ya ce Allah ya sa albarka. Daga ranar zuwa ranar da fasfona ya dawo da biza a ciki, wata bakwai ne. Abin da ya cinye waɗannan watanni nake so in faɗa, don na ga ƙannenmu da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Yawuri sun ɗaura niyyar bin wannan hanya.

Sunana ne ya fara tare ni. A takardar WAEC an rubuta Mohammed, a shaidar digiri Muhammad, a NIN kuma Muhammadu, yadda ake kirana a gida. Sunan ƙarshe ma bai tsira ba. A firamare malami ya liƙa mini sunan garinmu, kamar yadda ake yi wa yawancinmu a nan, ni kuma da na shiga jami'a sai na sa sunan kakana. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. Amma fasfo daga bayanan NIN ake ɗauko shi, jami'a kuma tana so sunan da ke fasfo ya yi daidai da na takardun karatu, harafi da harafi. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na buga sanarwa a jarida, sannan na nemi gyara. Kusan wata biyu suka tafi a nan. Duk wanda ke da burin fita waje, ko da nan da shekara uku ne, ya zauna yau ya shimfiɗa takardunsa a tabarma ya duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Mu da yawa an sa mana 1 ga Janairu a wata takarda, wata rana dabam a wata.

Turanci bai ba ni wahala ba, don jami'ar ta karɓi sakamakona na WAEC a madadin jarrabawar IELTS. Jami'o'in Ingila da yawa suna yi wa 'yan Najeriya haka idan mutum ya samu C6 ko sama, amma a tambaya tun da wuri, don ba duka ba ne.

Kuɗi shi ne babban dutsen. Kuɗin makarantata fam 16,000 ne, suka yi mini rangwamen fam 2,000, na biya fam 5,000 kafin alƙalami, saura fam 9,000. Dokar biza ta ce sai na nuna wannan ragowar a banki, haɗe da kuɗin zama na wata tara. A lokacin fam 1,023 ne kowane wata ga wanda zai zauna wajen Landan, wato fam 9,207, na Landan kuwa fam 1,334 a wata. Jimilla fam 18,207. Fam ɗaya tana kai-komo a wajen naira 2,000, ka ga ana maganar sama da naira miliyan 36. Kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu, ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya.

Da dare a zaure na yi wa Baba wannan bayani. Ya yi shiru, can ya ce, "Wai mi suka son gani? Ga shinkafa nan sito cike, ga shanu wajen Hulani. Wanga duk ba dukiya ba ne?" Dukiya ce mana. Haka arzikin mutanenmu yake, a buhun shanshera yake, a fili, a garke, a bashin da ke hannun abokan ciniki. Mutum zai iya mallakar abin da ya fi miliyan ɗari, asusunsa na banki kuma bai taɓa kwana da miliyan biyar ba, don a ganinsa kuɗin da ke kwance asara ce. Jami'in biza kuwa ba ya ganin sito. Takardar banki kaɗai yake karantawa.

Kawuna, wanda ke fatauci tsakanin Kamba da Birnin Kebbi, ya ce a yi amfani da asusunsa kawai, tunda akwai kuɗi a ciki. Na ce masa, Kawu, ba sa karɓa, sai asusuna ko na mahaifi ko mahaifiya, ko wanda kotu ta ba riƙona. Ransa ya sosu. "Ni da uwakka ciki guda munka hito," in ji shi, "su wa za su ce ni ba ubanka ba ne?" Na daɗe ina lallashi kafin ya gane ba ni na ƙi shi ba. A ƙarshe ya tura gudummawarsa asusun Baba. Baba ya sayar da shansherar da ya so ya riƙe har tsakiyar damina lokacin da take tsada, ni kuma na sayar da filin da na saya a Birnin Kebbi da kuɗin aikina na shekara huɗu. Tunda asusun Baba ne, sai an haɗa da takardar haihuwata da wasiƙar amincewarsa, don haka na je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na karɓo shaidar haihuwa irin wadda ake ba manya.

Muka fara ƙirga a watan Yuni. Na rubuta kwanakin a bayan kalandar ɗakina ina soke ɗaya kowace safiya. Ranar ta 19 na karɓi wayar Baba don in duba saƙon banki, sai na ga an cire naira miliyan shida. Cikina ya ɗuri ruwa. Ashe mota ce ta sauke taki, ruwa ya zauna, mai takin ya ce kuɗi hannu, Baba kuma ya san jibi wani da yake bi bashi zai biya shi. Haka kuwa aka yi, bayan kwana biyu kuɗin suka koma cif. Ya ce mini, "To ai ga su nan sun komo, ko kwabo bai ɓace ba." A lissafin kasuwa gaskiyarsa ce. A lissafin biza, kwana 19 sun tafi a banza, sai a sake daga ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Na faɗa masa adadin, amma ban nanata masa cewa taɓawar yini ɗaya tana rushe komai ba, kuma ba a ce wa manomi ya bar taki ya wuce a watan Yuni.

Washegari na buɗe sabon asusu da sunana, ban karɓi katin cire kuɗi ba, muka mayar da kuɗin can. Da abin da zan fara yi ke nan tun farko. Na kuma ɗora kusan miliyan huɗu a kai, saboda ana lissafa canji ne da farashin ranar da ka miƙa takardar neman biza, a shafin OANDA mai nuna farashin canjin kuɗi, ba na ranar da ka zuba kuɗin ba. Idan naira ta zame cikin kwanakin, kuɗin da suka isa jiya ba za su isa yau ba. Sannan ranar ƙarshe da ke jikin takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar nema.

A cikin wannan damuwa ne wani eja da na samu lambarsa a WhatsApp ya ce in daina wahalar da kaina. Za su zuba mini kuɗin a asusu na wata ɗaya, in biya su wani kaso, bayan an fitar da takarda su kwashe abinsu. Na yi kwana biyu ina juya maganar, sannan na ƙi. Doka tana so kuɗin su zama naka ne da gaske, kuma wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Ko ba a kama ka ba, ranar biyan kashi na biyu na kuɗin makaranta tana nan tafe. A watan Mayun shekarar ne labarin ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside ya bazu, waɗanda faɗuwar naira ta hana su biya a kan lokaci, har aka ce wa wasu su bar ƙasar. Waɗannan fa da kuɗinsu suka tafi, canji ne ya cinye su. Ina ga wanda ya tafi da aljihu wayam? Masu cewa za ka yi aiki a can ka biya, su yi lissafi. Awa 20 a mako doka ta yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu, mafi ƙarancin albashi a 2024 kuma fam 11.44 ne a awa. Bai kai fam 230 a mako ba. Zai taimaka wajen haya da abinci, amma ba zai biya fam 9,000 ba.

Kafin jami'a ta ba ni lambar CAS, wato shaidar ta ba ni gurbin karatu, wadda ba a neman biza sai da ita, ta yi mini ganawa ta bidiyo. Na tafi Birnin Kebbi ofishin wani abokina mai sola da intanet mai ƙarfi, don ban yarda in dogara da wutar gida ba. Matar ta tambaye ni dalilin zaɓen wannan kwas, da darussan da ke cikinsa, da wanda zai biya, da abin da zan yi bayan na gama. Ban haddace komai ba. Na ba ta labarin fadamarmu, yadda cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa ban-ruwa da injin fetur ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, da yadda muke malala ruwa fiye da abin da shinkafa ke buƙata don ba mu da hanyar aunawa. Bayan kwana huɗu CAS ta fito.

Abuja sau biyu na je, kowace tafiya yini guda a mota, ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora. Ta farko don gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, wanda wajibi ne ga ɗan Najeriya da zai zauna Ingila fiye da wata shida. Hoton ƙirji ne, takardar kuma wata shida take aiki. Wani bawan Allah da ke gabana a layi, an ga wata alama a hotonsa aka ce sai ya ba da majina, sakamakon kuma yana kai mako takwas. A watan Yuli ne, ka ga Satumba ta kuɓuce masa. Don haka kada a bar wannan gwaji sai ƙarshe. Ta biyu kuma don ɗaukar hoto da zanen yatsu.

Kuɗin biza fam 490 na biya. Kuɗin lafiya, wanda suke kira IHS, fam 776 ne a shekara, amma da yake bizar kwas na shekara ɗaya tana ɗan zarce shekara, na shekara ɗaya da rabi suka caje ni, fam 1,164. Da dala ake biya, katin naira kuma a lokacin ba ya aiki a waje, sai da na buɗe asusun dala. Waɗannan alkaluma sun riga sun motsa: kuɗin zama ya koma fam 1,136 a Janairun 2025, na biza ya koma fam 524 a Afrilu, kuma ba su tsaya nan ba. A duba shafin gwamnatin Birtaniya, gov.uk, a ranar da za a yi lissafi, kada a dogara da abin da wani ya biya bara.

Abin da ya fi yi mini nauyi ba ya cikin wannan lissafi. Tun Janairun 2024 aka hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Matata da 'yarmu mai shekara biyu a gida suka zauna. Na ware musu abincin shekara da kuɗin cefane kafin in sayi tikiti, kuma ina ganin duk mai iyali ya sa wannan a sahun farko na kasafinsa.

Mako uku bayan zanen yatsu fasfo ya dawo. Daren da zan bar Argungu, Inna ta baje kaya a tsakar gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi ƙunshi biyu, man shanu a gora, da bandar kifi da ta aika aka sayo tun safe. Na ce mata, Inna, nama da duk abin da aka yi da nono ba a shiga da su ƙasar, kwacewa za a yi. Ta riƙe gorar man shanun ta daɗe tana kallonta, sannan ta ajiye gefe ba ta ce komai ba. Kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20 in busasshe ne ko banda. Da na faɗa mata haka sai ta tashi ta ɗauko sauran wanda ta ɓoye don gida, ta naɗe shi a tsohuwar jarida da leda uku, ta danna shi a ƙasan akwati da hannunta. Da shi na yi miyar kuka ta farko a ɗakin da na kama, a daren da na biya hayar wata da ajiyar mai gida, fam 900 a tashi ɗaya.