Yau na kai gwiwata asibiti

Talata, da dare.

Wata huɗu ke nan gwiwar dama tana damuna, sai yau na daina ja da baya na je asibiti. Hawa bene da sauƙi, saukowar ce azaba. In na daɗe a zaune kuwa, sai na dafa wani abu kafin in miƙe, gwiwar tana ƙara ƙas-ƙas.

Likitar ta sa na kwanta, ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙar, ta danna gefen ƙoƙon gwiwa har sai da na ja numfashi. Ta fara tambayar ko na faɗi ko na murɗe ƙafa, don a cewarta matasa galibi rauni ke kawo su: ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi huɗu da ke riƙe gaɓar ta tsinke, ko guringuntsin da ke zaune kamar matashi tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ya yage. Ni ban faɗi ba. Da safe fa, har yaushe take sandarewa? Na ce kamar minti 10.

"Bai kai minti 30 ba ke nan, Malam. Wannan ya fi kama da zaizayewar guringuntsi."

Shi guringuntsi ba ya fitowa a hoton ƙashi, amma ta ɗora biro a kan hoton ta nuna mini yadda ratar ƙasusuwan ta tsuke ta ɓangaren ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar hutu. Duk watannin nan na rage tafiya, a zatona lallaɓa gwiwar nake yi. Ashe tsokar gaban cinya ce ke rage mata nauyi, zaman ya sa tsokar ta saki, ni kuma na ƙara ƙiba. Ta ce kowane kilo 1 da na ƙara, kusan kilo 4 ne a kan gwiwa a duk taku. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ta ja kunnena cewa in gwiwar ta kumbura ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ko ta ƙi ɗaukata, in komo nan take.

Ɗazu na gwada atisayen da ta koya mini: kwance rigingine, in ɗaga ƙafar a miƙe sau 10. A na bakwai cinyar ta fara rawa, na ɗan dakata, na ƙarasa. Gobe da safe zan sake.