Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Na Naɗa wa Dogari Sarauta

A makon jiya na tsaya a inda na shiga aji biyu a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, bayan doguwar dambarwar da muka sha da mahaifina, wanda har lokacin bai yarda cewa riƙe fensir da buroshi karatu ba ne.

Gaskiya a wannan shekarar kaina ya kumbura. Duk wanda ya zauna a sashenmu na Samaru ya san yadda tarihi yake hawa kan ɗalibi. Tun a aji ɗaya aka cusa mana labarin ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a 1958, lokacin makarantar tana kwaleji, kafin ta zama jami'a a 1962. Su ne ake kira 'yan tawayen Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Abin da suka tsaya a kai shi ne, ka karɓi dabarar da Bature ya koya maka, ka haɗa ta da abin da ka gada a gida. Mun haddace wannan, mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki. Manyanmu kuma idan suka ambaci Gani Odutokun, malamin da ya rasu a haɗarin mota a 1995, sai ka ji sun sassauta murya. Ni ban riske shi ba, amma ina tafiya kamar ni ne magajinsa. Masu shagon hoto na kasuwa da masu zanen littafin firamare kuwa, a idona 'yan neman na tuwo ne kawai.

Hoton fasfo ne ya kai ni Sabon Gari. Ana bukatar guda huɗu a wata takarda, na hau bas daga bakin jami'a, ta Kwangila, na sauka na shiga shago na farko da na gani. Wani dattijo ne a ciki, gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya. An ɗauke wuta, har na juya zan fita.

"Ɗana, ina za ka? Jawo kujerar nan bakin ƙofa."

Na ce, "Baba, ai babu wuta."

Ya ce, "Wuta ce babu. Haske ga shi nan Allah ya zuba mana kyauta."

Ya zaunar da ni yadda hasken ƙofa zai zo mini ta hagu. Sannan ya ɗauko wani murfin kwali da ya lilliƙa wa takardar kwalin sigari mai sheƙi, ya miƙa wa yaronsa ya riƙe ta damana, yana ce masa matso, ja baya, ɗan sunkuyar. Ya ce baƙar fata ba a watsa mata haske gaba da gaba, sai goshi ya yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, sauran fuskar kuma ta mutu. Daga gefe ake lallaɓo ta. Wata biyu ina fama da zanen fuska da gawayi a aji, duk fuskar da na zana sai ta fito a shafe kamar faifai, ga shi wani tsoho ya warware mini matsalar da murfin kwali.

Ranar karɓar hoto na daɗe a shagon. Daga nan duk Asabar ina can.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar da ya fara shigar da ni ɗakin wanki. Ɗan kurkuku ne a bayan shagon, an toshe tagarsa da baƙin bargo, babu komai sai jan ƙwan fitila da tire uku na ruwan magani, ga wani wari mai tsami da ke kama maƙogwaro. Ya saka nagatif, wato wankakken fim ɗin da hoton yake ciki, a na'urar faɗaɗawa, ya haska shi a kan farar takarda. Ba ya duba agogo, da istigfari yake ƙirga. Yana cikin ƙirgar yana kaɗa yatsunsa biyu a ƙarƙashin hasken, daidai inda fuskar take, don kada wajen ya yi duhu da yawa. Ya tsoma takardar a tire na farko yana girgiza shi a hankali. Fari fat, babu komai. Can sai ga ƙwayar ido biyu, sai gira, sai ɗankwali, wata amarya ta taso daga cikin ruwa tana kallona. Na ce "Subhanallahi" da ƙarfi, ya yi dariya har da tari.

Yana da wani fensir da ya feƙe kamar allura, da shi yake gyara nagatif. Yana share ƙurajen fuska, amma bai taɓa taɓa tsage ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ƙurji baƙo ne, gobe zai tafi. Tsage ɗan gida ne."

Sai bayan shekaru na san cewa irin wannan aikin na shago ya kai wasu nesa. Hotunan da Seydou Keïta ya ɗauka a shagonsa na Bamako sun shiga manyan gidajen nune-nune na Turai da Amurka, Malick Sidibé, shi ma mai ɗaukar hoto a Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007, a nan gida kuma J. D. 'Okhai Ojeikere ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson mata har duniya ta san shi. Nagatif ɗin Baba kuwa a gwangwanayen biskit suke, ƙarƙashin benci, damina tana cin rabonta. Wannan abin yana ci mini rai har yau, amma ba shi ne labarin wannan makon ba.

An ba mu aikin zana hawan sallah. Na zauna a ɗaki na haɗa abina, doki daga wani littafin Turawa da na aro a laburaren Kashim Ibrahim, mahayi kuma daga kaina. Na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shi haske ya sani, layi ba fanninsa ba ne, amma yana da aboki a Tudun Wada.

Malam ya tsufa ƙwarai. A zamaninsa ya yi zanen littattafan karatu da fastocin kiwon lafiya, irin aikin da Zariya ta yi suna da shi tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A zaure na same shi kan tabarma, da kwalbar tawada da alƙaluman ƙarfe a cikin wani tsohon gwangwanin madara. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa zanen. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ɗan ina ne?"

"Nan Birni, Malam. Ƙofar Doka."

"Ikon Allah. To, wa ya ba ka izinin naɗa wa dogari sarauta?"

Ban gane ba sai da ya ɗora yatsa. Na sa wa mahayin riga mai ja da kore ta dogarai, sannan na ɗaura masa rawani mai kunne biyu, wanda na sarki ne da 'ya'yan sarauta. Bai tsaya nan ba. Sirdin na Turawa ne, a shafe, babu tudu gaba da baya. Likkafar 'yar siririya, ba mai faɗin nan da ƙafa ke zama a ciki ba. Dokin kansa ƙato ne mai kaurin ƙafa, irin na jan amalanke a ƙasar sanyi. Ni da aka haifa ina jin algaita da tambari daga ɗakin mahaifiyata, na je laburare neman doki.

Ya ɗauko wata takarda ya tsoma alƙalami. Layi bai fi goma sha biyu ba, sai ga dogari tsaye, har kana jin nauyin rawaninsa. Ya ce su a lokacinsu babu launi, babu inuwa, injin ɗab'i baƙi ya sani da fari, saboda haka kowane layi sai ya ci abincinsa. Ya ce dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci hoto yake fara karantawa kafin baƙi. In ya ga an zana mace tana daka ta riƙe taɓarya yadda ba a riƙewa, shi ke nan, abin da aka rubuta a ƙasa ma ba zai yarda da shi ba.

A kan tabarmar nan na tuna amsar da na rubuta a jarrabawa kan 'yan 1958, kunya ta rufe ni.

Malam bai sallame ni haka ba. Ya haɗa ni da wani gida mai barga a cikin Birni, ya ce kada in sake zuwa wurinsa sai da doki hamsin. Sati uku ina zaune kusa da turke, ƙuda na bina, masu kula da dawakin suna yi mini dariya. Su suka nuna mini yadda ake ɗaura majayi, da inda jalala take sauka, da yadda doki ke sauke kunne in ransa ya ɓaci. Na ashirin na farko duk jakuna ne. Daga wajen na talatin suka fara zama dawaki.

Ana jajibirin sallah Baba ya kira ni ya ɗora mini kyamararsa ta biyu a hannu, da fim ɗaya mai ɗaukar hoto 36. Ya ce in kawo ya saka mini. Na ce haba Baba, ai na iya, sau nawa ina gani. Ya dube ni ta saman gilashi, ya ce to.

Ranar hawa tun da hantsi ina Ƙofar Fada. Na kutsa har gaba, na ɗauki 'yan lifidi, na ɗauki masu algaita kumatu a kumbure, na ɗauki wani yaro da bai fi shekara bakwai ba a kan doki, rawani ya kusa rufe masa ido. Da aka zo jafi, ƙura ta tashi, rana ta ratsa ta daga gefe daidai yadda Baba yake so, na danna ina jin zuciyata na bugawa. Na lura lambar ta wuce 36 tana ci gaba da tafiya, amma na ce wataƙila fim ɗin mai albarka ne.

Da yamma na isa Sabon Gari, ƙafafuna fari fat da ƙura, na miƙa masa kyamara ina ta zuba labari. Ya kama ɗan hannun naɗe fim ya juya sau ɗaya, sau biyu. Ya tsaya. Ya sake juyawa a hankali, kunnensa a jikin kyamarar.

"Ɗana," ya ce, "da ka saka fim ɗin nan, ka ga bakinsa ya kama?"

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.