Abin da fairuz ya koya mini a shagon zobba

Wanda ya zauna a shagon zobban azurfa yakan saba da aƙiƙ da wuri, domin dutse ne mai haƙuri. A wanke shi da sabulu, a bar shi a rana, yana nan yadda yake. Fairuz, dutsen ado mai launin shuɗi zuwa kore, ba haka yake ba. A shekarun da na yi ina ɗora duwatsu a kan zobe, na gane cewa kusan duk abin da ake buƙatar sani game da shi abu ɗaya ne: dutse ne mai shan abu. Jikinsa cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kuma yawansu ne ke raba mai tsada da mai araha.

A busassun wurare yake samuwa, inda ɗan ruwan da ake samu ke ratsa duwatsu masu jan ƙarfe da alminiyam. Jan ƙarfen ne ke ba shi shuɗi, idan kuwa baƙin ƙarfe ya yi yawa a ciki sai ya karkata zuwa kore. Na Naishabur, a yankin Khurasan na ƙasar Iran, shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi tun ƙarnuka masu yawa, saboda shuɗinsa mai kama da sararin sama da kuma matsewar jikinsa. Misirawan dā sun haƙo nasu a Sina'i, har suka ƙawata fuskar zinariyar Fir'auna Tutankhamun da shi. A Amurka akwai na jihar Arizona, inda mahaƙar Sleeping Beauty ta daina fitar da shi a 2012, yau kuma mai yawa daga lardin Hubei na ƙasar Sin yake fitowa. Baƙaƙen jijiyoyin da ake gani a jikin wani saura ne na dutsen da ya haife shi. Iraniyawa sun fi darajanta wanda ba shi da su, wasu kuma su suke nema. Ni dai na fi son mai siraran jijiyoyi, ko da yake bai kai wancan kuɗi ba.

Wajen yanka ne na fi ƙaruwa. Taurinsa tsakanin 5 ne da 6 a ma'aunin Mohs da ake gwada taurin duwatsu da shi, aƙiƙ kuwa yana kusa da 7, don haka hannun da ya saba danna aƙiƙ zai cinye fairuz kafin ya farga. Haske ba ya ratsa shi, shi ya sa ba a yi masa fuskoki irin na daimon. Ana shafe ƙasansa, a yi wa samansa doro kamar rabin ƙwai. Ruwa ba ya yankewa daga kan abin gugar, domin a jikin dutsen kansa akwai ruwa, zafi na korar ruwan nan sai launi ya mutu ko dutsen ya tsage. Maigidana ba ya barin a kai zobe mai fairuz kusa da wuta. Ko ƙara masa faɗi za a yi, sai an cire dutsen, a gama aikin azurfa, sannan a mayar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ciniki. Yawancin abin da ake haƙowa mai garas-garas ne, ba ya goguwa sai an ɗura masa ruwan roba ya daskare a cikin kafofin. Wannan fairuz ne na gaskiya da aka gyara, kuma ban ga laifin sayar da shi ba muddin an faɗa wa mai saye. Akwai kuma farin dutse da ake rinawa, da garin fairuz da ake kwaɓawa da gam, da roba zalla. Alhazai da yawa suna kawo mana tsarabar zobe daga Makka ko Madina suna tambaya, kuma faɗa wa dattijo cewa abin da ya ɗauko daga nesa rini ne yana da nauyi a baki. Duk da haka mukan faɗa, domin idan ya sake zuwa zai san abin da zai duba: launin da ya taru ya yi duhu a cikin tsaga, ko farin da ke leƙowa ta ƙasan dutsen.

Mutane kan ce fairuz yana sauya launi idan mai shi zai yi ciwo. Wanda nake gani a shago yana komawa kore ne saboda abin da ya sha: gumi, man shafawa, sabulu, sai kuma turare, wanda mu Hausawa ba ma wasa da shi. Mutum ya shafa turaren mai a tafin hannu ranar Juma'a da zobe a yatsa, dutsen ya shanye, kuma abin da ya shiga ba ya fita. Don haka nakan ce wa mai saye ya cire shi kafin wanka da wanki, ya bari turare ya bushe kafin ya saka, ya ajiye shi a ƙyalle shi kaɗai kada aƙiƙ ya karce shi. A lokacin hunturu kuma kada ya murje shi da gefen riga, domin ƙurar nan akwai yashi a cikinta wanda ya fi fairuz tauri. Ya hure ƙurar tukuna, sannan ya share da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi.